Kwamfutar Mai Kemis

Auta ta durƙusa a ƙarƙashin teburin, ta lalubi wayar da ta fito daga bayan monita, ta bi ta da yatsa har inda ta shiga akwatin kwamfutar. A ɗaure take tam. Ƙura ta shiga mata hanci, ta yi atishawa har kanta ya bugi katako.

"Kin gani ko?" in ji mahaifinta daga kan kujerarsa. "Sanyin ofis ya lalata ki. Da can ƙura ce ke gudunki."

"Da can ai ni nake share shagon, Baba."

Ta miƙe tana kaɗe gwiwoyinta. Da safen nan mai kemis na bakin titi ya kira ta a wurin aiki, yana ta kwana-kwana kafin ya faɗi abin da ke bakinsa. Kwamfutar shagonsa ta daina nuna komai a allo, ya kawo wa Injiniya, ga shi an fi mako ana cewa gobe. Duk bayanan magungunansa suna ciki, masu duba shaguna kuma suna tafe. Ya ce shi dai yana jin nauyin dattijon, ba zai iya zuwa ya ce a ba shi kayansa ba. Ko za ta leƙa? Sai ta nemi izini da rana ta hau bas.

Injiniya ake kiran mahaifinta a layin nan tun kafin a haife ta. Rediyo ya fara gyarawa, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo ya sayi wata matacciya ya zauna da ita har sai da ta yi magana. A cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta zauna a gefen bencinsa. Yayanta ya ce warin dalma na sa shi ciwon kai. Ita kuwa tun tana firamare take riƙe masa noti a tafin hannu, tana kallon yadda yake karkata kunne ga na'ura kamar likita. Daga baya ta karanci lissafi ta sami aiki a wani kamfanin sufuri, ta yi aure a can ƙarshen gari, shagon ya koma wurin da take leƙawa a tsaitsaye.

"Bod ne ya ƙone," in ji shi, yana nufin babban faifan da duk sassan cikin akwatin ke manne da shi. "Na faɗa wa yaron nan. Sai an kawo sabo."

"Bari dai in kunna mu ji."

Ta fara danna maɓallin monita. 'Yar fitilarsa ta kama, wani rubutu ya yi yawo a allon yana cewa babu sigina, sannan ya ɓace. Monita lafiyarsa ƙalau ke nan. Ta danna na akwatin. Fanka ta tashi da gudu, sai kwamfutar ta fara wani kuka mai tsawo, ta tsaya, ta sake, ta tsaya, ta sake.

Auta ta juyo tana murmushi, tana jiran ya riga ta faɗa. Wannan kukan shi ne darasi na farko da ya koya mata. Ya kan ce kwamfuta ba ta ɓoye ciwonta, masu gyara ne kurame.

"Baba, ka ji?"

"Na ji."

"Me take cewa?"

Ya gyara gilashinsa, ya dubi akwatin, ya dubi bango. "Bod ne," ya ce.

Murmushin ya tsaya mata a fuska. Ta kashe kwamfutar, ta zare filogi daga soket, ta ɗauki sukudireba. Murfin gefe ma ba a ɗaure yake ba, da ta taɓa shi ya faɗo. Ta haska ciki da fitilar wayarta. Mazaunin ram, siraran allunan nan da in babu su kwamfuta ba ta tashi, wayam yake. An buɗe 'yan maƙallan gefe, an zare su.

"Baba, ina ka ajiye ram ɗin?"

"Wane ram?"

"Na wannan. Ba ya ciki."

"Haka ya kawo ta."

"Mai kemis ko murfi bai iya buɗewa ba."

"To ni na cinye?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. "Duba aljihun tebur."

Ta jawo aljihun. A da in ka rufe ido ka sa hannu a nan, ka san abin da za ka ɗauko. Yanzu noti ya haɗu da batir, da cokali, da ƙwayoyin magani da suka fita daga takardarsu, da safa ƙafa ɗaya. Ta tona har ƙasa. Ta duba saman kanta, ta duba kwandon shara. Shi kuma ya tashi yana taya ta, yana ɗaga abu yana mayarwa, har ta lura bai san abin da suke nema ba.

Sai ta yaye labulen da ya raba shagon da ɗan ɗakin ajiya na baya.

Kwamfutoci ne a jere a ƙasa har bango, kowacce a buɗe, cikinta a waje. An zare wayoyi an cusa a inda ba nan ba ne. Fankar wata tana cikin wata. A kan wata akwai tambarin makarantar yara, a kan wata an manna hoton wata jaririya. Waɗannan ba tsofaffin kayan da ake cire wa sassa ba ne. Kayan mutane ne, kuma ƙurar da ke kansu ta nuna sun daɗe.

"Duk bod ne," in ji mahaifinta a bayanta. "Kayan yanzu ba su da ƙarko."

Ta saki labulen. "Bari in sayo mana ruwa mai sanyi," ta ce, ta fita kafin ya ga fuskarta.

Telan da ke maƙwabtaka da su yana bakin ƙofarsa da tef ɗin awo a wuya.

"A'a, 'yar Injiniya! Yau manyan ƙasa ne a layinmu? Ko kamfanin ya kore ki ne ki dawo gado?"

"Kawu, ina wuni."

Ya dubi idonta, ya daina wasan. Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya rage murya. "Kin shiga baya ko? Ni ma na so in kira ki, na rasa ta inda zan fara. Mutane suna zuwa, in ce musu ya fita, alhali yana ciki. Ran nan na same shi a tsaye a bakin ƙofa da mukulli a hannu, yana juya shi. Na ce Injiniya, lafiya? Ya ce kwaɗon ne ya yi tsatsa. Na karɓa na buɗe, kwaɗo lafiya lau."

Ta gode masa, ta zaga gefen ginin inda inuwa take, ta kira mahaifiyarta.

"Mama, ina shago."



"To," in ji mahaifiyar. "Kin gani ke nan."

"Tun yaushe?"

"Na sani ne? Abu ne da ya shigo a hankali. Ya tambaye ni abu in ba shi amsa, in juya ya sake tambaya. Na tsinci wayarsa a cikin firji. Shekaranjiya ya dube ni ya ce yaushe zan koma gidan mijina. Ya zaci ni ƙanwarsa ce."

"Kuma ba ki faɗa mana ba?"

"In faɗa wa wa? Ke da goyo da aiki. Yayanki kuwa kin san shi, kafin in rufe baki ya zo da mota ya kwashe kayan shagon, ya zaunar da shi a gaban talabijin. Auta, shagon nan ne ke tashinsa da safe. Ya yi wanka, ya sa riga mai aljihu, ya soke biro. In aka raba shi da wannan, me ya rage mini?"

"Mama, kayan mutane ne a ciki."

"Na sani." Muryar ta karye. "Na sani, 'yar nan. Kullum cewa nake gobe zai tashi garau."

Auta ta jingina da bango ta yi kuka mara sauti, tana toshe baki da gefen mayafinta, motoci suna wucewa. Da ya lafa ta sayi ruwan, ta wanke fuska da kaɗan daga ciki, ta koma.

Ta same shi a zaune ya cire gilashi zai goge. Ya buɗe gidan gilashin don ya ɗauko ƙyallen, sai ga ram ɗin a ciki, guda biyu, an naɗe su da kyau a cikin ƙyallen kamar abin daraja. Ya daɗe yana kallonsu. Ita ma ta tsaya da robar ruwa a hannu.

"Ni na sa su a nan," ya ce a hankali. Ba tambaya yake yi ba.

"Don kada su ɓace ne, Baba. Dabara ce."

"Kada ki yi mini irin maganar da ake yi wa yara." Ya ajiye gidan gilashin a kan benci. "Zauna."

Ta jawo ɗan kututturen da take zama a kai tun tana ƙarama. Gwiwoyinta suka kusa kai mata haɓa.

"Kin zaci ban sani ba? Ina buɗe murfi, sai in ga kowane abu na ciki na san fuskarsa. Wannan na san shi, wancan na san shi. Amma wane ne, me yake yi a nan, wa ke bin wa, sai ya tafi. In ce bari in ciro wannan in duba, ko zai dawo mini. In ciro. In juya in ɗauki buroshi, in juyo in ga abu a hannuna, ban san daga inda ya fito ba." Ya shafa fuskarsa. "Sai mai kaya ya zo. In ce masa me? In ce Injiniya ya manta? Sai in ce bod ne. Bod ba ya musu."

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ni na koya miki."

Ta ɗauki ram ɗin, ta nemo abin goge fensir a cikin tarkacen aljihun tebur, ta shiga goge bakin nan mai ruwan zinariya, a hankali, gefe ɗaya sannan ɗayan. Ta hure. Ta daidaita tsagar da ke jikinsa da ta mazaunin, ta danna da manyan yatsunta biyu har maƙallan suka ce ƙas. Ta yi wa na biyun haka. Yana kallon hannunta.

Ta mayar da filogi, ta kunna. Fanka ta tashi. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara guda, gajere, na lafiya. Auta ta saki numfashi, ta ɗaga kai.

Allon baƙi ƙirin.

Ta jira. Ta kashe monita ta sake kunnawa, rubutun nan ya sake yawo ya ɓace. Ta sauya wayar da wata da ke rataye a ƙusa, ta mayar a inda ta cire ta farko. Babu komai. Ta kashe, ta ciro ram ɗaya ta gwada da ɗaya, ta musanya su. Ta ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ta ɗan jira, ta mayar. Gumi ya jiƙa mata baya. Iya abin da ta tuna ke nan, shekarun ofis sun cinye sauran. Ta fara tunanin ko da gaske bod ɗin ne, ta ji wani abu a ranta yana fatan hakan, don a ce ko sau ɗaya ya yi gaskiya.

Sai ta ji ya tashi. Ya zo ya tsaya a kanta, ya ɗan ture kafaɗarta da bayan hannu, yadda ya saba yi in ta tare masa haske. Bai leƙa bayan akwatin ba. Hannunsa kawai ya zura, ya lalubo wayar monita, ya warware ta daga kafar sama, ya gangara da ita ƙasa inda bakin katin hoto, mai aika wa monita hoto, yake, ya cusa, ya murɗa notinta da yatsa biyu.

Allon ya yi haske. Tambarin kwamfutar ya fito, sannan hoton kantocin magani, da 'yan gumakan fayiloli a jere.

"In akwai kati a ƙasa, ba a sa waya a sama," ya ce. "Sau nawa zan faɗa miki? Ku masu digiri!"

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Shi ma ya yi dariya, irin tasa ta da, mai girgiza kafaɗa. Ya buga saman akwatin da tafin hannu. Na ɗan lokaci shagon ya koma yadda ta san shi, har ta ji kamar ta kira mahaifiyarta ta ce ki saurara.

Ya koma kujerarsa, ya sha ruwa. Ya dubi allon da ke haske, ya karkata kai.

"Wannan ta wace ce?"

"Ta mai kemis ce, Baba."

"Oho. Me ya same ta?"

Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki murfin ta fara ɗaure noti. "Ba komai. Ka riga ka gyara."

Mai kemis ya zo da la'asar, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ba wanda ke cirewa. Ya ga allon a kunne, ya duba fayilolinsa, ya yi ta godiya yana rusunawa. Injiniya ya karɓi godiyar da ɗaga hannu, ya ce masa ya riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Auta ta ɗauki monita ta raka shi har mota.

Da ya rufe but ɗin motar bai shiga ba. Ya tsaya yana wasa da mukulli.

"Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Maganin hawan jininsa a wurina yake saye. Akwai ranar da ya zo da safe ya karɓa, ya dawo da yamma ya ce ya ƙare. Ban ba shi ba, na ce sai gobe. Ina tsoron ko yana sha yana maimaitawa. Ku kai shi babban asibiti, akwai likitocin ƙwaƙwalwa. Ba lallai su dawo da abin da ya tafi ba, amma suna iya rage masa gudu. Kuma maganin nan a bar shi a hannun Mama."

"Na gode," ta ce. "Da ka faɗa mini tun a waya."

"Shi ya haɗa mini kwamfutata ta farko. Bakina ya ƙi."

Da ta koma ciki ta tarar mahaifinta ya matso da kujerarsa kusa da taga. Tagar a buɗe take, kuma motar mai kemis a ƙarƙashinta ta tsaya. Ba ta san abin da ya ji ba, bai kuma nuna ba. Ta shiga ɗakin baya ta fara jera kwamfutocin, tana haɗa kowacce da abin da take zaton nata ne. Ta ga aikin ya fi ƙarfin yini ɗaya, ya ma fi ƙarfinta. Dole a nemo wani mai gyara, a nemo masu kayan ɗaya bayan ɗaya a ba su haƙuri. Dole kuma ta kira Yaya. Ta ciro wayar ta dubi lambarsa, ta mayar a jaka.

Tana nan ta ji sallama. Ta leƙo ta gefen labule. Wata mata ce da kayan aikin jinya a jikinta, ta rungumo akwatin kwamfuta tana haki.

"Nan ne wurin Injiniya? An ce in ba shi ba, ba kowa. Ina kunnawa fanka na juyawa, amma allo ba ya nuna komai."

Mahaifinta ya miƙe. Auta ta ga hannayensa sun tafi da kansu za su karɓa, ta ga fuskarsa ta washe. Ta buɗe baki, ta rasa yadda za ta hana shi a gaban baƙuwa. Yatsunsa har sun taɓa akwatin. Sai ya tsaya. Ya janye hannayen, ya mayar da su baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Mun daina karɓar aiki. Ki gangara ƙasa wajen masu sayar da waya, za ki sami masu gyara. Ki ce su fara duba waya kafin su buɗe miki ita."

"Ko zuwa jibi ne zan iya jira, Baba."

"A'a. Kada ki jira."

Matar ta gyara rungumar kayanta ta fita. Ya tsaya yana kallon ƙofar har inuwarta ta wuce. Sannan ya juyo wajen labulen.

"Na faɗa daidai?"

"Daidai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya zare biron da ke aljihun rigarsa ya ajiye a kan benci, ya kashe fanka, ya kashe fitila. A waje Auta ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe, ta datse kwaɗon. Tela ya ɗago daga kan kekensa ya dube su, ya ci gaba da ɗinki.

Suka fito bakin titi, inda hanya ta rabu biyu. Mahaifinta ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, inda ɗalibai ke tururuwar tsallakawa. Ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, ko da yake rana ta riga ta faɗa bayan gine-gine.

"Hasken nan yana damun idona," ya ce. "Wuce gaba, Auta. Ina bin ki."

Ta wuce gaba, ta rage sauri yadda za ta riƙa jin takunsa a bayanta.